Zaman Bitar Aikinmu Ya Mutu, Ko Mu Daina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke jagorantar mutum takwas masu haɗa manhaja. Muna bin tsarin Scrum, muna aiki zagaye-zagaye na mako biyu, a ƙarshen kowanne mu zauna mu duba yadda ya gudana. Yanzu mutum biyu kawai ke magana, sauran su yi gum, koken jiya kuma shi ne na yau. Ko mu daina? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku daina. Cikin ƙa'idoji 12 na Agile, wato salon haɗa manhaja da Scrum ke ƙarƙashinsa, waɗanda suka biyo bayan taron masana 17 a jihar Utah ta Amurka a 2001, ta ƙarshe ita ce wannan zama, kuma ta nan ake gyara duk sauran. Yawanci mutane kan yi shiru ne idan sun sha faɗin damuwarsu ba su ga an taɓa komai ba.

Scrum ya ƙayyade kada wannan zama ya wuce awa uku in zagayen na wata guda ne, don haka minti 90 ya ishe ku. Ku fara da shawarar da kuka yanke a zaman baya: an yi ko ba a yi ba? Sannan kowa ya ɗauki minti goma yana rubutu shi kaɗai, matsala ɗaya a takarda ɗaya. Rubutu kafin magana ne ke hana masu baki mamaye wuri. A manna takardun a allo, a haɗa masu kama da juna, kowa ya jefa ƙuri'a uku.

Matsalar da ta yi rinjaye ita za ku ba rabin lokacin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A ce koken shi ne gwajin manhaja yana makara. Kada a tsaya a "mai gwaji ya ƙara himma". Me ya sa yake makara? Saboda ayyuka biyar ke sauka kansa a kwana biyun ƙarshe. Me ya sa? Saboda kowa na buɗe sabon aiki bai rufe na hannunsa ba. To ga magani: a zagaye mai zuwa, kada ayyukan da ke kan hanya su wuce uku a lokaci guda. Shawara ɗaya, ko biyu in ta kama, da sunan mai bibiyarta, a rubuta ta a allon aiki tare da sauran ayyuka. "Mu inganta sadarwa" ba shawara ba ce, domin ba wanda zai iya cewa an yi ta.

Sai batun kai kanka, Malam. In kai ke sa hannu a ƙarin girmansu, da wuya su saki jiki a gabanka. Ka bar jagorancin zaman ya riƙa zagayawa a tsakaninsu, ka zama na ƙarshen magana. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar jinkirin amincewa daga sama, kai za ka kai shi, ka dawo musu da amsa a zama na gaba ko da a'a ce.