Gwajin jini zai iya nuna ko matsalar bakin mahaifa za ta dawo?

Tambaya: Likita, shekarata 39, ina zaune a Agege. Wata huɗu ke nan da aka yanke mini wani ɗan sashe na bakin mahaifa bayan gwaji ya nuna CIN 3, wanda aka ce ba sankara ba ce, amma hanyarta ce. Ƙanwata ta karanta cewa akwai lissafin da ake yi da gwajin jini da ke nuna ko abin zai dawo. Idan na yi shi ya fito da kyau, zan iya hutawa da zaryar asibiti?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Lissafin da ƙanwarki ta karanta akwai shi, amma ba zai iya tsaya miki a madadin komawa asibiti ba, kuma ina so ki ji dalili.

A takardar gwajin ƙirgen jini, wadda kusan kowane ɗakin gwaji a Legas yake bayarwa, akwai layuka biyu na fararen ƙwayoyin jini. Nutrofil su ne masu ƙaruwa idan jiki yana fama da kumburi ko wata cuta, limfosait kuwa su ne masu farautar ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga. Ana raba adadin na farko da na biyu, a kira sakamakon NLR. Mai nutrofil 4,000 da limfosait 2,000, nata lissafin 2 ke nan. Tunda ƙwayar HPV, wani bairos da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce tushen wannan matsala, kuma garkuwar jiki ce ke korar ta, masu bincike suka yi tunanin cewa hauhawar wannan lamba alama ce ta garkuwa mai rauni. Wasu nazarce-nazarce a Turai da Asiya sun ga cewa matan da lambarsu ta yi sama kafin aiki sun fi fuskantar dawowar matsalar.

Sai dai mafi yawansu an yi su ne ta hanyar waiwayar tsofaffin fayilolin marasa lafiya, kuma ba su yi ittifaƙi kan lambar da za a ɗauka a matsayin iyaka ba. Abin da ya fi damuna shi ne yanayinmu. Zazzaɓin cizon sauro, taifod, ciwon haƙori, juna biyu, ko magungunan da ke ɗauke da sitiroyid, kowannensu yana iya sauya wannan lissafi cikin ’yan kwanaki, alhali bakin mahaifa yana nan yadda yake. Bugu da ƙari, galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu irin wannan gado nutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da na Turawa duk da suna cikin ƙoshin lafiya. Ma’ana, iyakar da aka yanka a Italiya ko Koriya tana iya ba mace a Agege kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Ni ban ga hikimar kashe kuɗi dominsa ba.

Alamar jini ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci ita ce ta HIV da adadin CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke lalatawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin sankarar bakin mahaifa ya ninka sau 6 ga mata masu ɗauke da HIV, kuma matsalar ta fi saurin dawo musu, musamman idan CD4 ya faɗi. In ba ki yi wannan gwaji kwanan nan ba, ki yi.

Abubuwan da suka fi nuna makomarki suna jikin bakin mahaifar kanta. Ki nemi takardar sakamakon naman da aka yanke, ki tambayi likitanki ko gefunansa sun fita tsaf, domin idan cutar ta kai har bakin yanka, akwai yiwuwar wani abu ya saura a ciki. Sai gwajin HPV bayan aiki, wanda ya fi komai nauyi: ƙa’idar hukumar ta 2021 ta ce a maimaita shi bayan wata 12, wasu likitoci kuma sukan fara tun a wata 6. Idan ƙwayar ta ɓace, haɗarin ya ragu ƙwarai. Idan tana nan, musamman nau’i na 16 ko 18 da ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, za a leƙa bakin mahaifa da madubin ƙara girma.

Kusan mata tara cikin goma abin ba ya dawo musu, kuma idan zai dawo ya fi yi a shekara biyun farko, shiru ba zafi ba jini. Na san fitowa daga Agege zuwa asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba cikin cunkoson Legas yana cinye yini guda da kuɗin mota, amma ki rubuta ranar komawarki inda za ki riƙa gani. Idan kika ga jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari, kada ki jira ranar. In kuma kina da ’ya mace, a Oktoban 2023 Najeriya ta fara bayar da rigakafin HPV kyauta ga ’yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ki tambaya a asibitin sha ka tafi na unguwarku ko tana cikin waɗanda ake yi wa yanzu.