Agogo ba ya faɗa maka irin ƙasar da doki ya taka

Toh yaro na, ka ce a gasar dawaki ta dogon zango ka ga dokin da ya cinye kilomita 160 a Abu Dhabi cikin awa bakwai ko ƙasa da haka, a Amurka kuma wanda ya zo na ɗaya ya kusa ninka wannan lokacin, wai ko dawakin Larabawa sun fi ne. Ai kusan duk jinin dokin Larabawa ne ake hawa a can da nan, ƙasar da suke takawa ce ba ɗaya ba.

A Al Wathba, inda ake gasar a Abu Dhabi, hanya ce shimfiɗaɗɗiya, an bi yashin da mota an daddale shi, babu hawa babu gangara, motoci na bin gefe ana miƙa wa mahayi gorar ruwa yana kwarara wa dokin a wuya ba tare da ya ja linzami ba, shiyasa zaka ga ana wuce kilomita 25 a awa ɗaya. Amma fa wannan daɗin hanyar shi ne tarkon, don babu abin da zai tilasta maka ka sassauta, doki ya gaji yana ta sukuwa har ƙashin ƙwauri ya karye. Irin wannan ɓarna na cikin abin da ya sa FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ta dakatar da hukumar dawakin Daular Larabawa a 2015. In kuma rairayi ne mai zurfi da kofato ke nutsewa, agara ce ke shan wahala, shi ya sa kullum nake ce maka da asuba ka shafa bayan ƙwaurin da hannunka kafin ka ɗora sirdi, in ka ji ɗumi ko ɗan kumburi, ranar hutu ce ko mai doki ya yi fushi.

Gasar Tevis ta Amurka kuwa, ita ma kilomita 160, a Kaliforniya take, tun 1955 ake yin ta, daga kusa da tafkin Tahoe zuwa Auburn, awa 24 aka ba ka kuma kusan rabi ne ke ƙarasawa. Duwatsu ne da kwazazzabai, wani wurin hanyar ƙafa ce doki ɗaya kawai take ɗauka, ga rami a gefe. Gangara ta fi hawa cin doki, nauyi duk ya koma ƙafafun gaba, saboda haka masu hankali sauka suke su ja shi da gudu, in an zo hawa kuma su kama jelarsa ya ja su. Karka yi dariya, wallahi dabara ce. Gasar Florac ta Faransa ma haka take, dokin da bai san tsakuwa ba sau ɗaya zai taka dutse da tsakiyar kofato, likita ya sa a yi sassarfa da shi ya ga ɗingishi, shikenan an cire ku.

Sai taɓo. Gasar duniya ta 2014 a Normandi ta Faransa ruwa ya jiƙa ƙasa, laka na tuɓe takalmin doki, waɗanda suka ƙarasa ko kashi ɗaya cikin huɗu basu kai ba. Ta 2018 a Tryon ta Amurka kuwa soke ta aka yi ana tsaka da gudu, an yi ruwa sai rana ta buɗe, zufa ta ƙi bushewa a jikin dawaki. Ka san a kowane zango da ake tsayawa a duba doki sai bugun zuciyarsa ya sauko 64 a minti kafin likita ya bar ka ka ci gaba, toh a irin wannan yanayin ka yi ta zuba ruwa zuciyar ta ƙi sauka.

Don haka in aka ce za a kai doki gasa, tambayi irin ƙasar tukuna, da ita za a zaɓi takalmin da za a buga masa da inda za a motsa shi. Gobe akawal ɗin nan ba fili zaka kai shi ba, bayan dutse zaku bi, kuma in kun zo gangara ka sauka.