Amsa ga ɗan ƙanena a kan gawon gonar gado

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin tambayarka ta fi ƙarfin hirar waya. Ka ce masu gawayi sun taya gawon nan bakwai na gonar gado tare da tsohuwar tsamiyar bakin hanya, mai tarakta kuma yana ƙorafin suna tare masa aiki. Da ka tuna cewa marigayi kakanka ya hana a sa musu gatari, sai wani abokinka ya ce maka wannan hani ragowar maguzanci ne, wai tsoron iskoki aka lulluɓe da sunan al'ada. Kana so in gaya maka ko haka ne.

Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye maka inda ya yi gaskiya ba. Kakanninmu na can baya sun ɗauka cewa kuka da tsamiya da manyan duwatsu mazaunin iskoki ne, suna yi musu yanka kafin shuka da bayan girbi. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe a Dala da Tsumburbura, da itaciyar da aka kewaye da katanga ana kai mata baƙaƙen dabbobi, tun kafin Wangarawa, malaman da suka kawo Musulunci Kano, su iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Wannan bauta Musulunci ya rushe ta, kuma duk wanda ya zuba jini a gindin itace yana neman biyan buƙata, to ya yi shirka, babu wata kwana-kwana. Amma kakanka, wanda ya sauke Alƙur'ani tun bai yi aure ba, bai taɓa kai ko da farin goro gindin tsamiyar nan ba. Abin da yake cewa, kuma na ji da kunnena sau da yawa, shi ne gonar ba tamu ba ce mu kaɗai, muna da abokan ci a cikinta, kuma Mai ita zai tambaye mu yadda muka yi da su.

Ka duba gawon da kansa. Duk itatuwan daji da damina suke kore, shi kuwa da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe, ya bar wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka take neman abinci. Idan rani ya tsananta, komai ya bushe, sai shi ya yi kore shar. A lokacin ne awaki da tumaki suke taruwa a inuwarsa suna tsintar 'ya'yansa, su kwanta su yi tuƙa, su bar kashinsu a wurin. Ka tsaya a gonar nan ranar da gero ya fitar da kai, ka dubi wanda yake gindin gawo, ka dubi wanda yake taku ashirin daga nan, sa'an nan ka gaya mini ko kana buƙatar malamin gona ya yi maka bayani. Itace ya ciyar da dabba, dabba ta ciyar da ƙasa, ƙasa ta ciyar da kai, kai kuma aka ɗora maka kiyaye itacen. Kakanka yakan tsaya a nan ya ce subhanallahi, domin a ganinsa Wanda ya juya wa gawo lokacinsa saboda gero ya rayu, bai yi haka da wasa ba.

Malamanmu ba su bar wannan fahimta babu hujja ba. A Suratul Isra'i Allah ya ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, sai dai mu ne ba mu fahimtar tasbihinsu. A Suratul An'am ya ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummai ne kamarmu. Hadisi ingantacce ya nuna cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, an rubuta masa sadaka. An kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Wanda ya girma da jin waɗannan ba zai kalli tsamiyar da matafiya suke hutawa a ƙarƙashinta, shamuwa kuma take sheƙa a kanta duk bazara tana shelar damina ta kusa, ya ga buhunan gawayi kawai ba.

Da za ka lura, al'adun noman namu kusan duka a kan wannan igiya aka ɗaura su. Ana fara shuka da bisimilla. Idan an yi girbi, ba a sa dami a rumbu sai an ware zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, wato gwargwadon yadda ruwan ya zo maka kyauta, gwargwadon yadda haƙƙin talaka yake ƙaruwa a kanka. Ba a hana mata da yara kala. Bayan an kwashe amfani, ana barin Fulani su sauka da shanunsu su ci kara su bar taki, kuma a zamaninmu mai gona ne yake kai wa ruga damin gero don a daɗe a gonarsa. Ba a nome burtali, ba a toshe mashaya. Yau an yi watsi da yawancin waɗannan, kuma kai kanka kana jin abin da ya biyo baya tsakanin manoma da makiyaya.

Roƙon ruwa ya fi komai fito da abin fili. Ina saurayi aka yi farin 1973, na kuma ga na 1984 ina da iyali. Kafin a fita fili, liman yakan sa a yi shela cewa mai bashi ya biya, masu gaba su shirya, wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa ya mayar, wanda ya riƙe zakka ya fitar. Mata su dama gumba a raba wa yara sadaka. Sa'an nan a fita da hantsi cikin tsofaffin tufafi, a yi raka'a biyu, a yi huɗuba, a juya mayafi. Ka ga ke nan mutanenmu ba su raba halin ɗan Adam da halin sama ba. Sun riƙe ayar Suratur Rum da ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, sun kuma riƙe ruwayar da ta ce mutanen da suka hana zakka ana hana su ruwa, kuma ba don dabbobi ba da ba a shayar da su ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe takan sa jikina ya yi sanyi, domin tana nufin wata daminar albarkacin akuya muka ci.

Kada ka ɗauka ina magana ne a matsayin wanda hannunsa yake da tsabta. Gawon gonar nan takwas ne a da. A yunwar 1984 na sare ɗaya a ɓoye na sayar, na sayo garin rogo. Kakanka bai zage ni ba. Ya kama hannuna ya kai ni kan kututturen, ya ce in ƙirga shekarun da zan jira kafin wani ya kai haka. Wurin nan ne kusurwar arewa da kake cewa yashi ya cinye, wadda ko wake ba ta yi sosai.

Ka tambayi 'yan'uwanmu na Nijar, su da hamada ta fi matsa wa. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na dā sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Da aka sake, filaye suka zama fayau, iska tana binne shuka, har sai da manoman ƙasar Maraɗi suka koma wa abin da suke kira sassaben zamani tun wajen 1983, wato idan ana sharar gona a bar tohon da ya fito daga kututture, a rage masa rassa ya tashi. Yau a jihohin Maraɗi da Damagaram ana maganar kadada kimanin miliyan 5 da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya, kuma duk wanda ya bi ta Magarya ko Matamaye zai ga gawo a gonaki iya ganinsa.

Saboda haka amsata ita ce kada ka sayar. Idan kuɗin taki ne ya matsa maka, ka faɗa mini, akwai tunkiya biyu da zan iya fitarwa. Mai tarakta ya koyi kewayawa, ko ka nemi mai garmar shanu don gindin itatuwan. Rassan da suka sauko ƙasa ana iya rage su da rani a ba dabbobi ganyen, haka kakanka yake yi, amma ba a yi wa itacen kwalkwabo. Akwai kuma toho uku da na gani a kusurwar arewa bara, ka gargaɗi yaran da za su yi maka shara kada su taɓa su. Idan Allah ya kai mu kaka ka zo da abokin naka, ina so ya ga geron gindin gawo kafin a yanke shi. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar da sauƙi.