Malamar makaranta ta ce ɗana yana da matsalar magana, in daina masa Hausa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ɗan shekara 4 ne, kuna zaune a Agege, an yi masa gwaji da Turanci a makaranta, aka ce ku bar Hausa a gida. Kada ki bari. Jin harsuna biyu ko uku ba ya haddasa matsalar magana, balle a Legas da yaro ke tashi da Hausa a ɗaki, Yarbanci da Turancin buroka a layi.

Yawancin gwaje-gwajen nan a Amurka da Ingila aka tsara su, kan yaran da Turanci kaɗai suka sani. Har hotunan ciki na abubuwan can ne. Idan yaro ya kasa, wataƙila abin ne bai taɓa gani ba. Haka musanya sautin "p" da "f", ai mu manya ma muna yi.

Matsalar gaskiya tana bayyana a duk harsunan da yaro ke ji. To ki lura: da Hausa yana haɗa jimla? Yana gane aike? Yana ba da labari kamar tsaransa? In a nan ma yana baya, kada a yi sakaci da sunan "zai yi da kansa".

Ki fara da gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Wurin likitan magana kuma ki nemi a haɗa da mai jin Hausa, a koya wa yaron sabon abu kaɗan sannan a sake gwadawa, a ga saurin ɗaukarsa.