Kada ka cinye tsakar gida don ƙarin ɗaki

Malam, da ka ce tun lokacin korona ciki da falo ya yi maku kaɗan har kana son gina ɗaki a tsakar gida, wallahi ciwon namu ne duka. Gidan bai ragu ba. Da can maigida na kasuwa, yara na boko da islamiyya, ɗaki na kwana ne kawai. A Maris 2020 aka rufe makarantu, azumi ya shigo a Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, kowa na gida wuni zubur. Nan asirin ginin ya tonu.

Auna ɗakinka. Ƙafa 12 da 12 murabba'in ƙafa 144 ne. Gado shida da shida ya ci 36, ga wadirob, ga kabet na kwanonin da ba a taɓawa sai biki. Me ya rage? A fara rage kaya tukuna.

Masu gina gidajen haya su suka cuce mu, Allah ya isa. Fili hamsin da ɗari, sai su jera ɗakuna har jikin katanga, taga ɗaya ƙarama tana kallon bangon maƙwabci, rufin kwano ƙasa-ƙasa ba silin, bayi ɗaya ga iyali huɗu. Kuɗin haya kawai suke ƙirgawa. Da azahar kwanon nan zuba wuta yake, yaro na kuka, uwa na fifita da murfin tukunya, shi mai gidan yana can ƙarƙashin fanka. Kuma shekara na zagayowa ya ƙara kuɗi, ko kunya babu.

To kada ka yi wa kanka irin wannan. Tsakar gida ita ce babban ɗakinmu: girki, wanki, shimfiɗar dare da bazara. Ɗaki ɗaya zai ci bulo wajen 400 ban da tushe, ya kuma toshe iska. Gara rumfa a gefen yamma ta tare ranar la'asar, ta zana ta fi ta kwano sanyi. Fasa taga ta biyu daura da ta farko, sa silin, ka bar ƙofar iska a saman bango. In akwai zaure, samari su koma can. Dogon yaro ma yana taimakawa, amma nesa da tushe da ramin masai, saiwarsa na fasa gini.

In kuwa kana tunanin sayar da gidan ka koma bayan gari, fara tambayar ruwa da kuɗin kabu-kabu zuwa makarantar yara kafin ka saurari dillali.