Lambobin j da deribe: ta ina zan fara?

Ƙanena, ka ce kana shekarar farko ta karatun lantarki a Yamai, kuma lambobin kompileks (masu ɗauke da j) da deribe (lissafin saurin canjin abu) sun sha maka kai. Kwantar da hankalinka, a lantarki hanyarsu ɗaya ce.

Mu muna rubuta j maimakon i, domin i sunan kuran ne, wato wutar da ke gudana a waya. Abin riƙewa kawai: j sau j ya ba da −1.

Ɗauki Z, wato turjiyar da kuran ke gamuwa da ita, a ce Z = 3 + 4j om. Girmanta 5 ne, kusurwarta kusan digiri 53. Ka ɗora mata 220 V irin na gidajenmu, za ta ja ampe 44. Rabawa ce ke kayar da yara: 1/(3 + 4j), ka ninka sama da ƙasa da 3 − 4j, ka samu (3 − 4j)/25. Yi irin wannan goma kowace safiya, da biro, kafin ka taɓa kalkuleta.

Deribe fa? A bobin, wato naɗaɗɗiyar waya, v = L·di/dt: v volt ne, L ƙimar bobin ɗin a henri (H), di/dt kuwa deriben kuran. Idan kuran sinus ne, wato mai hawa da sauka irin na wutar gida, yin deribe daidai yake da ninkawa da jω, shi ke nan. Wutar NIGELEC 50 Hz ce, saboda haka ω, wato 2π sau 50, kusan 314 ne, bobin mai 0,1 H kuwa ta zama jωL = 31,4j om. Ranar da na gane wannan, wallahi haushi na ji don ban gane shi da wuri ba.

Ka duba kalkuletarka kuma. Na taɓa zubar da maki a jarrabawa saboda na bar ta a digiri, alhali lissafin na radiyan ne.