Na samu amsa mai alamar ragi: ko na yi kuskure ne?

Tambaya: Malam, an ba mu da'irar lantarki mai batura biyu, ɗaya bolt 12 ɗaya bolt 6, kowane yana jere da rizisto (abin da ke rage gudun wuta) mai om 2, kuma dukansu suna ciyar da rizisto guda mai om 4. Sau uku ina lissafi, karan ɗin ƙaramin batir, wato yawan wutar da ke gudana ta cikinsa, yana fitowa da alamar ragi. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, lissafinka daidai ne. Idan ka bi dokokin nan biyu na da'irar lantarki da masanin kimiyya Kirchhoff ya fitar a 1845, ka kira karan ɗin baturan I1 da I2, zagayen farko zai ba ka 6I1 + 4I2 = 12, na biyu kuma 4I1 + 6I2 = 6. Warwarewa za ta ba ka I1 = 2.4, I2 = −0.6, sai ampiya 1.8 ta ratsa rizisto mai om 4. Alamar ragin tana nufin kibiyar da ka zana ta fuskanci inda wuta ba ta bi, domin mahaɗar da rassan uku suka haɗu tana kan bolt 7.2, ta fi ƙarfin ƙaramin batir, saboda haka wuta take shiga cikinsa maimakon ta fito.

Kada ka kuskura ka goge wannan alama. Abin da yake damuna shi ne, mutane da yawa sun ɗauka duk batirin da aka jona to bayarwa yake yi, kuma a kan wannan tunani wasu masu haɗa sola suke ɗaura tsohon batir da sabo, ja da ja, baƙi da baƙi, su ce wa mai gida an ƙara masa ƙarfi. A takardarka akwai om 2 da ke tare hanya, amma batirin gaske turjiyar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ka ɗauka ɗaya yana kan bolt 12.8, ɗayan 12.0, kowane da turjiyar om 0.01, a lokacin haɗawa ampiya 40 ce za ta kwarara tsakaninsu, alhali ko ƙwan fitila ba a kunna ba. Idan kuwa ɗaya daga cikin ɗakunan cikin tsohon batirin ya mutu, ba zai taɓa cika ba, zai yi ta zuƙar sabon dare da rana. Na sha taɓa irin wannan batir na ji shi da zafi, cikinsa ya kumbura, kan wayar ya yi baƙi, ga iskar haidurojin da ke fita daga batirin ruwa, wadda tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa, a ɗakin da yara suke kwana. Mai haɗin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ko mita bai ɗora ba.

In za ka haɗa batura haka, su zama iri ɗaya, masu shekaru ɗaya, ka auna kowane daban tukuna, sannan ka sa wa kowane fis nasa.